MUHAMMADU AL-KASHINAWI, BAKATSINEN DA YA KOYAR DA LISSAFI A MASAR

Idan aka tambayi ɗaliban makarantarmu darasin da ya fi ba su tsoro, mafi yawansu za su ce lissafi. Har akwai masu cewa wai lissafi karatun Turawa ne, kan Bahaushe bai dace da shi ba. Wasu iyaye ma a ƙauyukanmu na ƙasar Ɗanbatta haka suka ɗauka, suna ganin ilimin lissafi baƙo ne da ya shigo tare da boko, kakanninmu ba su san shi ba. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin wani malami ɗan ƙasar nan, wanda ya rayu tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, kuma tun kafin wani Bature ya gina makaranta a Arewa. Wannan malami ya tashi daga ƙasar Katsina, ya tafi Makka, ya zauna a Masar, ya rubuta littattafai a kan lambobi, har manyan malaman birnin Alƙahira suka ɗauki karatu a wurinsa. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya rasu a shekarar 1741.

ASALINSA DA GARINSU

Sunan mutumin da kansa ya isa ya faɗa mana asalinsa. Al-Fulani na nufin Bafulatani. Al-Kashinawi na nufin Bakatsine, domin Larabawa Kashina suke rubuta sunan Katsina. A cikin littattafan Masar an ƙara masa da al-Danrankawi, wato mutumin Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina a wancan zamani, sa'an nan da as-Sudani, wato mutumin ƙasar baƙar fata.

Katsinar da ya tashi a cikinta babban birni ce ta ciniki da karatu. Ayarin raƙuma na zuwa mata daga Agadas da Gat da Gadamas, fatake kuma na fita daga cikinta zuwa Gwanja neman goro. Inda duk fatake suka bi, littattafai ma nan suke bi. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya zo Kano da Katsina, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. A ƙarni na 17 kuma Katsina ta yi manyan malamai irin su Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marina. Hasumiyar Gobarau, wadda har yau tana nan tsaye a tsakiyar birnin, shaida ce ta wannan zamani na karatu.

To, a irin wannan ƙasa Malam Muhammadu ya buɗe ido. Yaro mai kwakwalwa a lokacin, in ya sauke Alƙur'ani, sai ya shiga zauren malamai ya fara littattafai ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙare abin da ke wurin malami guda, sai ya ɗauki gafakarsa ya nemi wani, ko da kuwa tafiyar wata guda ce. Babu aji, babu ƙararrawa, babu takardar shaida. Shaidar ɗalibi ita ce sunayen malaman da ya zauna gabansu da littattafan da ya karanta a wurinsu.

MALAMANSA

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga littafin wani masanin tarihi na Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Littafin shi ne Aja'ibul Asar, wanda ya ba da labarin Masar da manyan mutanenta. Nan gaba za mu ga dalilin da ya sa wannan Bamisire ya san labarin Bakatsine dalla-dalla.

Al-Jabarti ya ambaci malamansa na gida. Akwai Shaihu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, mutumin Bagarmi, a cikin ƙasar Cadi ta yanzu. Shi wannan malami sananne ne a ilimin tauhidi, kuma ya yi rubutu yana hani ga shan taba, tun zamanin da taba ke sabuwar shigowa ƙasashenmu.

Akwai kuma wani malami mai suna Muhammadu Fodu. Malam Muhammadu ya lazimce shi kamar shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya in tafiya ta kama. A wurinsa ya koyi nahawu da sarfu da adabin Larabci. Ya haddace littafin Muƙama, har ya zama in an ambaci kalma guda daga cikinsa, nan take sai ya kawo abin da ya gabace ta ba tare da wani dogon tunani ba. Saboda haka malamin ya riƙa kiransa mai Muƙama. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya sake masa laƙabi, ya riƙa ce masa Sibawaihi, wato sunan babban malamin nahawun Larabci na garin Basra. Duk wanda ya san yadda malaman zaure ke rowar yabo, ya san ba ƙaramin ɗalibi ake yi wa wannan laƙabi ba.

Amma malamin da ya buɗe masa ƙofar lambobi shi ne Shaihu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya koyi hisabi, da ilimin sanin lokuta ta hanyar rana da taurari, da ilimin aufaƙ, wanda mu muke kira hatimi, duk bisa tsarin malaman Magrib. A wurinsa kuma ya karanta manɗiƙi da balaga da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanta babban kaso na Muhtasar Halil.

A lura da wannan jeri da kyau. Mutum ɗaya ne ke koyar da Buhari da fiƙihu, shi ne kuma ke koyar da lissafi. Malaman wancan zamani ba su raba su ba, domin sun san ba a rabon gado sai da lissafin kaso, ba a fid da zakka sai da ƙidaya, ba a sanin lokacin salla da alƙibla sai da sanin tafiyar rana. Duk wannan kuwa a ƙasashenmu ya koye shi, tun bai taka ƙasar Larabawa ba.

TAFIYA MABUƊIN ILIMI

Da ya ga ya samu abin da zai samu a gida, sai ya yi niyyar aikin hajji. Hajjin wancan lokaci ba irin na yanzu ba ne, da mutum zai hau jirgi a Kano da safe ya yi sallar la'asar a Jidda. A ƙasa ake tafiya, ko a kan jaki da raƙumi. Masu bin arewa su ƙetare hamada ta Fezzan su faɗa Masar, masu bin gabas su ratsa Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, mutane da yawa kuma a hanya kwanansu ke ƙarewa.

Malam Muhammadu bai ɗauki tafiyar da gaggawa ba. Ya ratsa ƙasashe da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani gari ma sai da ya zauna wata biyar yana ɗaukar karatu wurin wani malami kafin ya ci gaba. Ya kuma rubuta labarin abin da ya same shi a wannan tafiya.

Ya yi hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda ta zo daidai da 1730. Bayan an sauko daga Arfa bai juyo gida ba, sai ya zauna a Makka. A can ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Ad-Durrul Manzum, a kan taurari da asirai, wanda ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa. Daga Makka ya wuce Alƙahira, ya sauka a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. A nan ya gama wannan littafi a watan Rajab na shekarar 1146, wato wajen ƙarshen 1733.

Sauran littattafansa sun nuna faɗin iliminsa. Akwai Bulugul Arab a kan nahawu. Akwai Minahul Ƙuddus, wanda ya tsara manɗiƙi a waƙe, ya kuma yi masa dogon sharhi da kansa. Sai kuma wanda ya fi shafar mu masu koyon lissafi, wato Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 a kan ilimin haruffa da hatimi. Ƙarshen sunan wannan littafi na nufin warware abin da ya rikice da buɗe abin da ya kulle.

MENE NE HATIMI?

Babu wanda ya tashi a ƙasar Hausa da bai taɓa ganin hatimi ba, ko a jikin allo, ko a ƙarshen wata tsohuwar takarda. Zane ne mai kusurwa huɗu, an raba shi gida-gida, an zuba lambobi ko haruffa a cikin gidajen. Haruffan ma lambobi ne, domin a tsarin abajada kowane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa ya 10, kaf 20, ƙaf 100. Da wannan tsari ne mawallafan waƙoƙin ajami kan ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi.

Ga hatimi mafi ƙanƙanta, mai gida tara:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Mai karatu ya tara kowane layi na kwance, zai sami 15. Ya tara kowane layi na tsaye, 15. Ya tara daga kusurwa zuwa kusurwa, nan ma 15. Kuma kowace lamba daga 1 zuwa 9 sau ɗaya tak ta fito.

Me ya sa 15? In aka tara 1 zuwa 9 duka, 45 ake samu. Layuka uku ne, kuma dole su yi daidai da juna, saboda haka kowanne ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wato 15. Me ya sa 5 ke tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da na kusurwa biyu. Jimlarsu 60. A cikin wannan tarawa kowane gida sau ɗaya ya shiga, sai na tsakiya da ya shiga sau huɗu, wato ya yi rarar sau uku. In an ɗebe 45 daga 60 saura 15, a raba uku, 5 ke nan. Ashe ko wane ne ya zana hatimin, a Katsina ko a Sin, tilas 5 ta zauna a tsakiya. Irin wannan shi malaman lissafi ke kira hujja.

Ilimin hatimi tsoho ne ƙwarai. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarni na 10 malaman Musulmi na Basra da Bagadaza sun yi rubutu a kansa, daga nan ya bi littattafai zuwa Magrib, ya gangaro ƙasashenmu. Abin da Malam Muhammadu ya yi shi ne ya tattara hanyoyin gina hatimi ya bayyana su ƙa'ida-ƙa'ida, musamman masu gefen mara, wato waɗanda yawan gidajen gefensu ba ya rabuwa biyu daidai, irin su 3 da 5 da 7 da 9. Ya kuma nuna yadda za a juya hatimi guda a fid da wasu daga cikinsa. Wanda ke sama, alal misali, in an juya shi ta kowace fuska, ko an kifa shi kamar yadda madubi ke yi, siffa takwas yake bayarwa, alhali asalinsa ɗaya ne.

Bari in kawo ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin gina hatimi mai gefen mara, don kowa ya gwada. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba mai biyowa a hau gida ɗaya sama, a matsa gida ɗaya dama. In ka fita ta sama, sai ka shigo ta ƙasan wannan layi. In ka fita ta dama, sai ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi, sai ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Da wannan hanya aka gina na sama, kuma da ita za ka gina mai gida 25, ko 49, ko 81, ba tare da lalube ba.

Akwai kuma ƙa'idar sanin jimlar layi tun ba a zana kome ba. Ninka yawan gidajen gefe da kansa, ƙara 1, sake ninkawa da yawan gidajen gefen, sa'an nan raba biyu. Mai gefe 5: biyar sau biyar 25, da ɗaya 26, sau biyar 130, rabinsa 65. Mai gefe 7 zai ba da 175, mai gefe 9 kuma 369.

Kada wani ya ɗauka abin wasan yara ne. Mai gida tara iri ɗaya ne kawai. Mai gida 16 iri 880 ne, kamar yadda wani Bafaranshe mai suna Frenicle ya ƙidaya, aka buga a 1693. Mai gida 25 kuwa sai a 1973 aka iya ƙidaya shi da kwamfuta a Amurka, aka sami 275,305,224.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Littattafan Malam Muhammadu sun haɗa lissafi da sha'anin taurari da asirai, kamar yadda aka saba a zamaninsa. Tun da daɗewa wasu littattafan Larabci suna danganta hatimi mai gida tara da sauƙin haihuwa. A Turai ma haka abin yake: Kepler, babban masanin tafiyar taurari, yakan yi wa sarakuna duba, Newton kuma, wanda ya rasu a 1727, ya ɓata shekaru a kan ilimin nan na masu neman juya baƙin ƙarfe ya koma zinariya. Hukuncin wannan ɓangare na malaman addini ne, su suka san shi. Mai naƙuda kuwa asibiti ya kamata a kai ta da wuri. Abin da ya rage, wanda kowa zai iya gwadawa da fensir ya tabbatar, shi ne lissafin.

ZAMANSA DA AL-JABARTI DA RASUWARSA

A Alƙahira Malam Muhammadu ya shaƙu da wani babban malami, Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda kakanninsa suka fito daga gabashin Afirka. Shaihu Hasan masani ne a fiƙihu da ilimin taurari, gidansa kuma matattarar malamai da ɗalibai ce. Duk da girmansa, sai ya zauna gaban baƙon nan Bakatsine ya koyi ilimin hatimi da lissafin haruffa da lambobi. Gemu ba ya hana neman ilimi.

Amincin ya yi ƙarfi har Malam Muhammadu ya koma gidan Shaihu Hasan da zama. A wannan gida ya rasu a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741. Kafin ya cika ya sa Shaihu Hasan ya zama wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Shi kuwa ya riƙe amana. Ya binne shi a maƙabartar Mujawirina, a sashen da ake kira lambun malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman al-Jabarti, mai littafin tarihin da na ambata, ɗan wannan Shaihu Hasan ne. An haife shi bayan rasuwar Malam Muhammadu da fiye da shekara goma, amma ya tashi a gidan da littattafan mamacin suke, shi ya sa ya san labarinsa.

Akwai wani labari a littafin nan da zai nuna mana darajar wannan ɗalibi na Malam Muhammadu. Wajen 1749 Turkawa suka turo wani gwamna Masar, mai suna Ahmad Basha, mutum mai son ilimin lissafi da taurari. Ya yi wa manyan malaman Azhar tambayoyi a kan wannan fanni, suka nuna masa ba fagensu ba ne. Abin ya ba shi mamaki, domin ya sha jin cewa Masar ce uwar ilimi. Sai shugaban Azhar na lokacin, Shaihu Abdullahi ash-Shubrawi, ya nuna masa gidan Hasan al-Jabarti. Gwamna ya same shi kamar yadda aka faɗa, ya yi karatu a wurinsa, har ya sassaƙa agogon rana a jikin dutse ya kafa a masallatai. Mutumin da Masar ta fitar don ya kare mata mutunci a fagen lissafi, ɗaya daga cikin malamansa ɗan ƙasar Katsina ne.

INA AMFANIN IRIN WANNAN LISSAFI?

Na san wani uba zai ce, to, jera lambobi a gida-gida ai ba ya cika rumbu. Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta.

A zamanin da Malam Muhammadu ke rubutu a Alƙahira, akwai wani saurayi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Euler yana aikin lissafi a Rasha. Da ya tsufa, a 1782, ya fitar da bincike a kan wani ɗan'uwan hatimi, inda ake jera alamomi yadda kowace za ta fito sau ɗaya tak a kowane layin kwance da kowane layin tsaye. Shi ma don sha'awa ya yi, ba don wata riba ba.

Bayan shekara fiye da ɗari, wani Baturen Ingila mai suna Fisher, wanda ya fara aiki a gonar gwaji ta Rothamsted a 1919, ya ga amfanin abin. A ce ana so a gwada taki iri huɗu a gonar gero. Kowane manomi a Ɗanbatta ya san gona ba ta zama ɗaya: wani gefen jigawa, wani gefen ya gangara fadama, wani kuma kusa da gawo. In aka zuba taki guda a gefen mai kyau, ba za a san ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ba. Dabarar ita ce a raba gonar gida 16, huɗu a kwance huɗu a tsaye, a sa kowane taki sau ɗaya a kowane layi. Ta haka kowane taki ya ɗanɗana ƙasa mai kyau da maras kyau, sai gaskiya ta fito ranar auna amfani. Wannan tsari da 'yan'uwansa su ake koya wa ɗaliban aikin gona, da irinsu kuma masu bincike a wurare kamar Samaru ta Zariya ke gwada sabon iri kafin ya iso hannun manomi. Likitoci ma suna aiki da shi in za su gwada magunguna da yawa bi da bi, don kada wanda aka fara bayarwa ya rufe aikin na baya.

Ga wani misali daga wani fanni dabam. In aka ba ka hatimi aka share gida guda, ƙa'ida za ta faɗa maka lambar da ta ɓace. Masu binciken ƙananan ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta sun yi irin wannan tunani. Wani masani na Amurka, Gell-Mann, ya jera wasu ƙwayoyi bisa tsarin lissafi mai gida goma, tara an san su, gida ɗaya babu kowa. A 1962 ya ce lalle akwai ta goma, ya faɗi nauyinta da siffofinta. A 1964 aka gano ta a wurin bincike na Brookhaven, kamar yadda ya faɗa. Ba daga littafin Malam Muhammadu waɗannan mutane suka ɗauko aikinsu ba, amma tunanin iri ɗaya ne: a nemi ƙa'idar da ke bayan tsari, a amince da ita, a bi ta har inda ido bai kai ba.

KOWA YA BAR GIDA

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka ta faru ga wannan malami. Littattafansa sun zauna a Masar da wasu ƙasashe, har akwai kwafen Bahjatul Afaƙ na hannu a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan, an kuma buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. A 1967 wani ɗan ƙasar Kano, marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya rubuta maƙala a kan aikinsa a wata mujallar bincike ta Jami'ar Ibadan. A 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa shi a littafinta na tarihin ƙidaya a Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashen waje. Amma a nan gida, ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sunansa?

A ganina babban abin da ya jawo haka shi ne ɓoyo. An ɗauki hatimi a matsayin asiri, ba a ba kowa sai wanda aka yarda da shi, shi kansa Malam Muhammadu ya gargaɗi masu koyo su riƙa aikin a ɓoye. Sai ya zama ana kwafar zanen daga takarda zuwa takarda, ƙa'idar da ta haife shi kuwa tana hannun 'yan kaɗan, in sun mutu su tafi da ita. Euler kuwa a fili ya buga nasa, wasu suka karanta, suka yi gardama, suka gyara masa inda ya yi kuskure, suka ɗora a kai, har abin ya iso gonar gero. Ilimi kamar iri yake, in an kulle shi a rumbu shekara da shekaru, ƙwari ne za su ci.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk wanda ya gaji tsofaffin takardu a gafaka ko a adaka, kada ya bar wa gara da ruwan damina. A nuna wa masana, a kai inda ake adana irinsu a Kano ko Kaduna ko Zariya a ɗauki hotonsu. Kuma a ƙarfafa wa yara gwiwa a kan lissafi, maza da mata, domin gadon gida ne.

Mu kuma ɗalibai, a cikin littafinsa Malam Muhammadu ya ja kunnen mai koyo kada ya fid da rai in lissafi ya ƙi fita. Shi da ya faɗi haka a ƙasa ya taka zuwa Makka, da tawada da alƙalamin kara ya yi aikinsa. Mu muna da malamai a aji, da littattafai, da fitila. In an tafi hutu, kowa ya zana hatimi mai gida 25 da hanyar da na bayyana, ya tabbatar kowane layi ya ba da 65, sa'an nan ya koya wa ƙanensa yadda aka yi.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu al-Kashinawi da malamansa, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.